Giram 250 a Cikin Tan Guda: Injunan da Ke Auna Ƙananan Sinadarai a Masana'antu

MUBI, Jihar Adamawa. Duk mai kanti a Duvu, ko a Gella hedkwatar Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, ko a cikin babbar kasuwar Mubi kanta, ya san farashin buhun gishiri da na sukari da na fulawa, ya kuma san na abincin kaji da na takin zamani idan damina ta matso. Yana iya ɗaga buhu ya faɗi ko nauyinsa ya cika. Yana iya damƙar gari a hannu ya gane ko ya sha laima a hanya. Amma a cikin kowane ɗaya daga waɗannan kayayyaki akwai wani ɗan kaso da idonsa ba ya gani, sikelinsa kuma ba ya nunawa, alhali kuwa yana cikin kuɗin da ya biya, kuma a kansa ne hukuma take iya rufe kanti ko ta ƙwace kaya.

Wannan ɗan kaso shi ne ƙananan sinadaran da ake zubawa a cikin kayan tun a masana'anta: aidin a cikin gishiri, bitamin A a cikin sukari da man girki, sinadarin ƙarfe da bitamin iri-iri a cikin fulawa, da kuma haɗin bitamin da ma'adanai da masu kiwon kaji ke kira firimiks. Ana auna su da giram, a zuba su cikin kayan da ake auna su da tan. Yadda za a yi giram ɗin nan ya bazu daidai wa daida a cikin tan, har kowane cokali na gari ya sami rabonsa, shi ne aikin da ya sa manyan masana'antu suka daina dogara da hannun lebura da gwangwanin awo, suka koma ga injuna masu auna kansu da kansu.

Lissafin da ke ba da wahala

Bari mu fara da abincin kajin ƙwai, tun da shi ne ya fi kusa da ƙananan 'yan kasuwa. A yawancin ƙa'idojin haɗi da ake bi a Nijeriya, ana zuba kilo 2.5 na firimiks a cikin tan guda na abinci, watau kilo 1,000. Sauran nauyin masara ne da waken suya ko tunkuza, da dusa, da garin ƙashi da farar ƙasa. Buhu mai kilo 25 ke nan yana ɗauke da giram 62 da rabi na firimiks. Kaza mai ƙwai tana cin kimanin giram 120 a yini, don haka rabonta na firimiks a rana bai kai sulusin giram ba. A cikin wannan ɗan abin ne bitamin D da ke taimaka mata ta yi ƙwai mai ƙarfin ɓawo yake, a ciki ne kuma ake samun sinadarin seleniyam, wanda abin da ake bukata daga gare shi bai kai rabin giram ba a cikin tan guda, wanda kuma idan ya yi yawa yakan zama guba.

Idan haɗin bai gauraya sosai ba, abin da ke faruwa a fili yake. Wani buhu zai kwashe rabon buhu uku, wasu buhuna biyu su tashi fanko. Mai gonar da ya sayi buhun fanko zai ga ƙwai ya ragu ko ɓawonsa ya yi laushi, ya shiga zargin zafin rana ko ciwo, ya kashe kuɗi kan magani. Da wuya ya yi zargin cewa matsalar ta faru ne cikin minti uku da aka yi ana juya gari a wata masana'anta mai nisan ɗaruruwan kilomita.

A ɓangaren fulawa lissafin ya fi haka tsanani. Abin da ake zubawa na haɗin bitamin da sinadarin ƙarfe a cikin tan guda na fulawa bai kai kilo ɗaya ba. Mu ɗauka, alal misali, ƙa'idar ta ce giram 250, kuma masana'antar tana fitar da tan 10 a kowace awa. Ana bukatar kilo 2.5 ke nan a awa, watau kimanin giram 42 a kowane minti, ba tsayawa, dare da rana. Babu ma'aikacin da zai iya tsayawa a bakin bututu yana barbaɗa giram 42 a minti har awa takwas ba tare da ya gyangyaɗa ko ya je sallah ko ya yi kuskure ba. Aikin inji ne.

Yadda injin yake aiki

Masana'antu iri biyu ne ta fuskar haɗi. Akwai masu haɗawa zubi-zubi, kamar masu abincin dabbobi, inda ake auna kayan tan ɗaya ko biyu, a zuba a injin gauraya, a juya, a sauke, sa'an nan a sake wani zubin. Akwai kuma waɗanda kayansu ke kwarara ba yankewa, kamar fulawa da sukari da gishiri. Kowane yana da irin injin da ya dace da shi.

Mafi sauƙin inji a masana'antar da kayanta ke kwarara shi ne mai auna yawa. Wata 'yar tukunya ce ta ƙarfe mai siffar mazurari, ana cika ta da garin sinadari, a gindinta kuma akwai ƙarfe mai murɗi irin wanda ke tura hatsi a cikin injin markaɗe. Idan ƙarfen ya juya sau ɗaya sai ya turo wani adadi na gari. Idan ana son ƙari sai a ƙara wa motarsa gudu. Yana da araha, kuma kowane makanike mai hankali zai iya gyara shi. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: bai san nauyin abin da yake turowa ba. Duk wanda ya taɓa auna gari da mudu ya san cewa mudun garin da aka danna ya fi mudun garin da aka tankaɗe nauyi. Haka abin yake a nan. Garin sinadari da ya kwana a tukunya ya danƙare ya fi wanda aka zuba yanzu nauyi, kuma kayan wani kamfani ba su yin nauyi ɗaya da na wani ko da sunansu ɗaya ne.

Inji na biyu yana auna nauyi ne. An ɗora tukunyar da ƙarfen murɗin da motarsa duka a kan wasu ƙafafun awo na lantarki masu jin nauyi, waɗanda ke aika wa wata ƙaramar kwamfuta rahoto sau da yawa a kowace daƙiƙa. Yayin da gari yake fita, nauyin tukunyar yana raguwa. Kwamfutar tana duba saurin raguwar: idan an umurce ta da giram 42 a minti ta ga 38 ne ke fita, sai ta ƙara wa motar gudu, idan ta ga 45, sai ta rage. Idan an kafa irin wannan inji yadda ya kamata, kuskurensa galibi ba ya wuce kashi 1 cikin 100. Yana da wani rauni da masu sayar da shi ba su cika ambata ba. A lokacin da ake sake cika tukunyar, nauyi yana ƙaruwa maimakon raguwa, don haka kwamfutar ba ta iya lissafi, sai ta ci gaba da juya motar a kan gudun da take kafin a fara cikawa. A 'yan daƙiƙoƙin nan injin makaho ne. Shi ya sa ake son cikawar ta zama da sauri, kuma a yi ta kafin tukunyar ta kusa ƙarewa.

Ko wane iri aka saya, akwai wata waya da ta fi injin kansa muhimmanci, watau wadda ta ɗaure shi da kwararar kayan. Idan fulawa ta tsaya saboda bel ya tsinke ko wuta ta ɗauke a wani ɓangare, dole injin sinadari ya tsaya a daidai lokacin, in ba haka ba zai tara garin bitamin a kan bututu, buhun farko da zai fito bayan an tayar da inji ya kwashe shi duka. Idan kuma tukunyar sinadari ta ƙare ko garin ya maƙale, dole ƙararrawa ta kaɗa, domin fulawa za ta ci gaba da fita fara tas, babu wanda zai gane da ido cewa babu kome a cikinta.

A masana'antar zubi-zubi kuwa tsarin daban ne. Ana jera ƙananan tukwane, goma ko ashirin ko fiye, kowace da sinadarinta, kowace da nata ƙarfen murɗi, duka suna zuba a kan ƙaramin sikeli ɗaya. Kwamfuta tana riƙe da ƙa'idar kowane irin abinci, na 'yan tsaki, na kajin nama, na masu ƙwai, na kifi. Tana buɗe tukunya ta farko da gudu, idan awon ya kusa cika sai ta rage gudu ta riƙa ɗigawa har ya cika, ta wuce ta biyu. Tana ma lissafa garin da ya riga ya bar bakin ƙarfen amma bai faɗa kan sikeli ba tukuna. Dalilin keɓe ƙaramin sikeli shi ne, sikelin da ke auna tan guda na masara ba ya jin bambancin giram 200, kamar yadda ba a auna zinariya da sikelin buhu. Saboda haka masana'anta mai tsari takan kasance da sikeli uku: na hatsi, na matsakaitan kaya irin su garin ƙashi, da na ƙananan sinadarai. Kowane zubi kuma kwamfutar tana rubuta abin da aka nema da abin da ya shiga da lokacin da ya shiga.

Daga gishiri zuwa sukarin Numan

Doka ce ta fara tilasta wa masana'antun Nijeriya shiga wannan aiki, kuma gishiri ne ya buɗe hanya. Ƙasar Suwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922 don yaƙi da maƙoƙo, Jihar Mishigan ta Amurka ta bi sahu a 1924. Bayan taron ƙolin duniya kan yara da aka yi a Niyu Yok a 1990, Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci a 1993, shekarar da aka kafa hukumar NAFDAC. Mizanin da aka tsayar shi ne giram 50 na aidin a tan guda a bakin masana'anta ko tashar jirgin ruwa, da giram 30 a lokacin da ya isa kanti, domin aidin yana raguwa a hanya. Buhun gishiri mai kilo 50 ke nan yana barin masana'anta da giram biyu da rabi. Hanyar da aka fi bi ita ce a narkar da sinadarin a ruwa, famfo ya riƙa fesa shi a kan gishirin da ke tafiya a bel, sa'an nan ƙarfen murɗi ya juya shi. A 2005 Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka ba shaidar cika wannan buri. Abin da ya taimaka shi ne, yawancin gishirin da ake ci a ƙasar yana bi ta hannun kamfanoni ƙalilan, don haka injuna kaɗan ne aka bukaci a sa wa ido. Gishirin gargajiya irin na Keana ko na Bilma da ayari ke kawowa bai bi ta wannan hanya ba.

A 2002 Gwamnatin Tarayya ta wajabta sa bitamin A a cikin fulawa da garin masara da sukari da man girki, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON ta tsara mizani, NAFDAC kuma ta ɗauki aikin dubawa. Tambarin ido da ake gani a jikin buhunan sukari da galan-galan na mai alamar wannan doka ce, kuma an zaɓi ido ne domin rashin bitamin A shi ke kawo dundumi, idan ya tsananta ya makantar da yaro.

Jihar Adamawa tana da nata kaso a wannan harka. Kamfanin Sukari na Savannah da ke Numan, wanda aka kafa a 1971, wanda kuma gonakin rakensa ke shan ruwa daga madatsar Kiri a kan kogin Gongola, ya koma hannun rukunin Dangote a 2003, aka haɗe shi da babban kamfanin sukarin rukunin a 2020. Duk mai sarrafa sukarin ci a ƙasar nan, a Numan ko a Legas, dokar 2002 ta hau kansa. Sukari kuwa yana da nasa taurin kai. Ƙwayarsa babba ce mai santsi, garin bitamin kuma laushi ne da shi, don haka idan aka zuba su tare kawai, girgizar mota a kan hanya za ta sa garin ya gangara gindin buhu. Dabarar da ƙasar Guwatemala ta fara aiki da ita a tsakiyar shekarun 1970, wadda aka kwaikwaya a wurare da yawa, ita ce a fara manna bitamin ɗin a jikin wani ɗan sukari da ɗigon man girki, sa'an nan inji ya riƙa zuba kashi ɗaya na wannan haɗi a cikin kashi 1,000 na sukari. A man girki kuwa aikin ya fi sauƙi, tun da bitamin A yana narkewa a mai: famfon awo ne ke tura shi gwargwadon man da mita ta nuna yana wucewa.

Kafa doka daban, cika ta daban. Wani bincike da masana suka buga a 2013 kan kayayyakin da aka sayo daga kasuwannin Nijeriya ya nuna cewa kaso mai yawa na fulawa da sukari da mai bai kai mizanin bitamin A ba. Ba duka laifin ne na inji ba. Bitamin A ba ya jure zafi da haske da laima, kuma sukarin da aka juye a faranti ana aunawa da gwangwani a tsakiyar rana yana asarar abin da aka sa masa. Amma wani ɓangaren laifin yana komawa ga masana'antar da ta sayi inji don a gani, ta bar shi ba gyaran awo, ko ta rage gudunsa don sinadari ya daɗe.

Inda kuskure yake kashe dabba

Masana'antun abincin dabbobi sun ƙaru a Arewa. Kamfanin Grand Cereals da ke kusa da Jos ya daɗe yana fitar da abincin kaji mai suna Vital Feed. A 2015 aka buɗe masana'antar Rico Gado a Yola, haɗin gwiwa da wani kamfanin ƙasar Fotugal. A watan Satumban 2017 kamfanin Olam ya buɗe tasa babbar masana'antar abincin kaji da wurin ƙyanƙyasa a Chikun ta Jihar Kaduna. Da waɗannan ne ƙaramin mai haɗa abinci a Mubi yake gasa, kuma a wannan fanni kuskuren ƙaramin sinadari ba ya tsayawa a kan raguwar ƙwai.

Labarin da ake koyar da ɗaliban wannan sana'a da shi ya faru ne a Mishigan a 1973. Wani kamfanin sinadarai yana yin kaya biyu masu kama da juna a ido da kuma a suna: ɗaya ma'adanin da ake ƙara wa abincin shanun madara, ɗaya kuma garin da ake sa wa robobi don kada su kama wuta. Buhunan da aka buga wa launi suka ƙare, aka zuba kayan a buhunan takarda marasa launi, aka aika na hana wuta zuwa masana'antar abincin dabbobi, ma'aikata suka zuba shi a injin gauraya. Sai a 1974 aka gano abin da ya faru. Kafin nan gubar ta shiga madara da nama da ƙwai. An killace gonaki fiye da 500, an hallaka shanu kimanin 30,000 da kaji kimanin miliyan ɗaya da rabi. Sikelin bai yi kuskuren awo ba a wannan rana. Abin da aka ɗora masa ne ba shi ba ne. Saboda irin wannan ne tsarin zamani yake neman a haska lambar jikin buhu da na'ura kafin murfin tukunya ya buɗe.

Akwai haɗari na biyu da ya shafi yankin da ake ji da dawaki kamar Adamawa. Maganin monensin, wanda ake sa kimanin giram 100 a tan na abincin kajin nama don kare su daga gudawar jini, guba ne mai kisa ga doki ko da kaɗan ne. Idan aka haɗa abincin kaji mai wannan magani, sa'an nan aka haɗa na dawaki a inji ɗaya ba a wanke shi da zubin dusa ko masara ba, ragowar da ta maƙale a kusurwoyi ta isa ta yi ɓarna. Kwamfutar haɗi tana iya ƙin karɓar irin wannan jeri idan an gaya mata. Masu turkar shanu da raguna, waɗanda suke da yawa a kewayen kasuwar dabbobi ta Mubi, su ma suna da nasu: ana iya sa ɗan takin yuriya a abincin sa, kimanin kashi 1 cikin 100, amma dunƙule ɗaya da bai watse ba yana iya kayar da dabbar cikin awa guda.

Ƙaramin mai masana'anta a Mubi

Tambayar da ɗan kasuwa zai yi ita ce ko wannan inji ya cancanci kuɗinsa. Ga babbar masana'anta amsar tana cikin lissafi. Mu koma ga misalinmu na tan 10 a awa. Idan tana aiki awa 16 a rana, kwana 300 a shekara, za ta fitar da tan 48,000, ta ci tan 12 na sinadari. Mai injin da ba ya yarda da awonsa yakan ƙara kashi 10 cikin 100 don kada mai duba kaya ya kama shi da ragi, watau tan 1.2 a shekara da ya zubar a banza. Yawancin waɗannan sinadarai daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023 kuɗinsu ya yi tashin da kowane mai kiwon kaji ya ji a jikinsa.

Ga mai haɗa tan biyu ko uku a rana kuwa, a ra'ayinmu, jerin tukwane ashirin da kwamfuta ba shi ne abin da zai fara saye ba. Yanayin wurin ma yana da abin cewa. Ƙafafun awo na lantarki ba sa son wutar da ke hawa da sauka, ba sa son girgizar janareta ko ta injin niƙa da ke kusa da su, iska mai ƙarfi ma tana ruɗa su. A watan Agusta laima tana sa garin sinadari ya dunƙule ya yi gada a saman ƙarfen murɗi, ƙarfen ya yi ta juyawa a banza. A hunturu kuma busasshen gari yana manne wa bangon tukunya. Idan allon kwamfutar ya ƙone, mai gyara yana iya kasancewa a Kano ko Legas, Yola kanta tana da nisan kusan kilomita 200 daga Mubi. Inji mai tsada da ya tsaya wata biyu yana jiran kayan gyara bai fi shebur amfani ba.

Abin da ƙaramin mai sana'a zai iya ɗauka daga manyan masana'antu shi ne tsarinsu, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi sosai. Ya sayi ƙaramin sikelin lantarki mai nuna giram, ya keɓe shi ga sinadarai kawai, ya ajiye wani ƙarfe da ya san nauyinsa don gwada sikelin kowace safiya. Kada ya zuba kilo 2.5 na firimiks kai tsaye a kan tan na masara. Ya fara gauraya shi da kilo 5 na garin masara mai laushi, ya gauraya wannan da kilo 20, sa'an nan ya kai shi babban inji, ya zuba shi bayan rabin hatsin ya shiga. Ya san lokacin injinsa: mai kwance yakan gama cikin minti 3 zuwa 5, mai tsaye irin wanda ya fi yawa a ƙananan wurare yakan bukaci kusan minti 15, kuma cika shi fiye da ƙima yana hana shi gauraya. Ya riƙe littafi, kowane zubi da lambarsa da sa hannun wanda ya auna. A ƙarshen mako ya kwatanta firimiks da ya fita daga sito da tan ɗin da aka haɗa. Idan lissafin bai hau ba, ko an yi ragi ko an yi sata.

Akwai kuma gwajin da masana suka amince da shi don sanin ko inji yana gauraya da kyau. Ana ɗibar samfuri 10 daga zubi ɗaya a lokuta daban-daban yayin da yake sauka, a auna gishirin da ke cikin kowanne a ɗakin gwaji, tun da gishiri ƙaramin sinadari ne mai sauƙin aunawa. Idan bambancin da ke tsakaninsu bai kai kashi 10 cikin 100 ba, haɗin ya yi. Mubi tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, tana da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002. Ƙungiyar masu kiwon kaji da za ta nemi yarjejeniya da ɗaya daga cikinsu don yin wannan gwaji sau biyu a shekara za ta san waɗanne masu haɗa abinci ne ya kamata ta riƙa saye a wurinsu. Wanda ya kai ga sayen injin ƙarfen murɗi kuma, gwajinsa ya fi wannan sauƙi: ya tara roba a bakinsa minti ɗaya da agogo a hannu, ya auna abin da ya fito, ya maimaita sau uku, a kowane canjin ma'aikata.

Takin zamani shi ma ya shiga wannan layi. Shirin taki na Shugaban Ƙasa da ya biyo bayan yarjejeniyar Nijeriya da Maroko a watan Disambar 2016 ya farfaɗo da masana'antun haɗa taki da dama, inda ake gauraya yuriya da sauran kaya a fitar da NPK 20:10:10. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta sa abin da aka rubuta a jikin buhu ya zama alkawarin da ake iya kama mutum a kansa. Yayin da ake ƙara neman taki mai ɗauke da zink ko boron don dacewa da ƙasar kowane yanki, masu haɗawa suna fuskantar matsalar nan ta sukari: gari mai laushi a cikin ƙwayoyi masu girma yakan gangara ƙasa, sai an manna shi da ɗan mai ko ruwan ɗauri da famfon awo ke fesawa.

Shi kuwa dillalin da ke ɗaukar kaya daga Mubi zuwa ƙauyuka irin su Duvu, ko ya tsallaka da su Kamaru, yana da 'yancin neman lambar zubi da takardar gwajin kaya daga kamfanin da yake saye a wurinsa, ya ajiye su tare da rasit. Game da gishiri ba ya ma bukatar ɗakin gwaji. Akwai ƙaramar kwalbar ruwan gwaji da jami'an lafiya ke yawo da ita: ana ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu a kan cokalin gishiri, idan akwai aidin sai wurin ya rikiɗe ya yi shuɗi, idan babu sai ya zauna fari yadda yake.